Ƙazafin da Na Yi wa Mai Keken Doki

Na yi shekaru ina nazarin ire-iren zaluncin da ɗan Adam ke yi wa ɗan'uwansa, gwargwadon littattafan da suka shigo hannuna da abin da idona ya gani, na kuma tsaya a kan wannan hukunci: babu zaluncin da ya kai ƙazafi ga mutumin da ba a taɓa haihuwarsa ba. Rayayye zai kai ka ƙara. Matacce yana da dangi. Amma mutumin da ke zaune cikin littafi ba shi da kowa sai mai karanta shi, in wannan ya ci amanarsa, shi ke nan, babu alƙali, babu ɗaukaka ƙara. Ni na aikata wannan laifi a Babura, a shekarar farko ta aurena da mahaifiyarku, ku kuma 'ya'yana kun taya ni yaɗa shi ba da saninku ba.

Kun san abin da nake nufi. A gidanmu, in an ga namiji mai kyan fuska da zaƙin baki wanda zuciya ba ta kwanta da shi ba, sai a ce, "Wannan Mai Keken Doki ne." Hannatu, ke kika laƙaba wa manemin ƙanwarki Lami na farko wannan suna, ya kuwa tafi bai dawo ba. Kwanan baya na ji jikata, wadda ko haƙoran gaba ba ta gama sakewa ba, ta nuna wani mai jawabi a talabijin ta kira shi haka. Labarinsa kun ji shi daga bakin mahaifiyarku kuna ƙanana: mutumin Amurka mai malafa, mai ƙarfi, mai addu'a, wanda ya yaudari yarinya alhali yana da mata a ɓoye, ruwa kuma ya cinye shi. Ita daga bakina ta ji. Ni kuwa ga inda na samo shi.

Rifkatu, mahaifiyarku, 'yar wani ƙauye ce a bayan duwatsun Roni. Kafin aurenmu tana aiki a ɗakin shan magani na mishan, tana wanke kwalabe da naɗe bandeji a ƙarƙashin wata Baturiya 'yar Amurka wadda kowa ke kira Sista. Karatun Hausa ta iya shi sarai, littafin waƙoƙin sujada kuwa a kanta yake tun daga bango zuwa bango. Amma Turancinta ya tsaya a sunayen ƙwayoyi da gaisuwar safe. Ni kuwa malamin Turanci ne, sabon fitowa daga kwalejin horon malamai, siriri kamar karan dawa, da tabarau mai kaurin gindin kwalba, da biro uku a aljihun gaba, ɗaya ja. Ina ganin kaina a lokacin a matsayin fitila. Shekarar da muka yi aure Sista ta gama aikinta za ta koma ƙasarsu, sai ta ba amarya kyautar littafi guda. A bangonsa akwai hoton wata mace cikin doguwar riga, bayanta wani ƙato da malafa yana riƙe da doki.

Bayan bikin da wata biyu aka tura ni Babura. Wanda ya tashi a ƙasar duwatsu, in ya sauka can sai ya ga kamar an share duniya an bar rairayi da gero. Kan iyakar Nijar yana kusa, ranar kasuwa ka ji ana ciniki da sefa, kuɗin can, raƙuma suna durƙushe a bakin hanya. Kiristocin garin a lokacin ba mu cika benci uku ba: wani malamin dabbobi daga Filato da iyalinsa, 'yan sanda biyu da matansu, mu, sai Mama Saratu, gwauruwa mai tuyar ƙosai, wadda ita ce uwar zumuntar mata, kuma a gaskiya ita ce uwar kowa. A zauren malamin dabbobi muke sujada, cikin warin maganin shanu. Fasto yana zuwa daga Kazaure a kan babur sau ɗaya a wata. Mai gidan da muka kama haya, Malam Habu, Musulmi ne mai amalanke da jakuna, mutumin kirki, wanda ya hana a yi mana daka a tsakar gida ranar Lahadi da safe ba tare da mun roƙa ba.

A tsakar gidan nan akwai darbejiya. Wata Lahadi bayan mun ci abincin rana, Rifkatu ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, ta shiga ɗaki ta fito da littafin a naɗe cikin ɗankwali.

"Malam, Sista ta ce in ba ka ka karanta mini wannan da Hausa. Ta ce akwai mutuminka a ciki."

"Mutumina kamar yaya?"

"Haka dai ta ce. Tana faɗa tana dariya."

Ta kafa sharaɗi biyu. Babi ɗaya kowace Lahadi, ba ƙari. Kuma littafin a akwatinta zai riƙa kwana, ƙarƙashin zannuwa, ba zan leƙa gaba ba.

"Na san halin malamai," in ji ta. "Sai ka riga ni sanin ƙarshe, ka zo kana yi mini kallon 'yar aji ɗaya."

Na yarda da murna. Fassara kai tsaye, ido a kan Turanci baki yana zubo Hausa, ita ce gwanintar da nake taƙama da ita, ga kuma amarya ta ba ni fili in nuna.

Labarin na zamanin da ne, lokacin da Turawan Amurka ke ɗaure kayansu a keken doki mai rumfa suna nausawa yamma, cikin dajin ciyawa wanda ba shi da ƙarshe, su sare itatuwa su gina gida da gungume, su kafa gari inda babu kowa sai kyarkeci. Wata yarinya marainiya ta bi ayari zuwa ɗaya daga cikin irin waɗannan garuruwa don ta riƙe wa wanta gida. Sunanta ya yi wa Rifkatu nauyi a baki, da ta ji cewa ranar Lahadi ta sauka a garin sai ta raɗa mata Ladi. Wanda ya tuƙo keken da ya kawo ta kuwa, tun daga shafi na biyu ya zama Mai Keken Doki. Ban ga laifin marubuciyar ba, ta yi aikinta. Mutumin nan yana sare itace da sara uku. Ya tsallakar da ayari kogi yana tsaye cikin ruwa har ƙirji. Da dusar ƙanƙara ta rufe su a hanya, ya cire malafa ya durƙusa ya yi addu'ar da ba ta wuce layi biyu ba, gari ya waye sarai. Ga garin nasu kamar namu: masu bi 'yan kaɗan, sujada a ɗakin ajiyar hatsi na wani, mai wa'azi yana zuwa a kan doki sau ɗaya a wata. Rifkatu takan zauna da tiren gyaɗa tana ɓarewa, amma duk inda mutumin ya shigo sai in ji ƙarar ɓawo ta tsaya.

"Kai," takan ce a hankali. "Wannan namiji ne."

Na farko na yi dariya. Na biyu na gyara tabarau. Na uku na lura ban taɓa jin ta faɗi haka a kan wani mai rai ba.

A babi na huɗu abin ya lalace. Mai fassara idonsa yana gaba da bakinsa da layi biyu ko uku, don haka na riga ta ganinsa. Wani sabon mutum ya iso garin: malamin makaranta. Siriri, mai tabarau, mai tari, da akwatin littattafai wanda ya fi ƙarfinsa. Aka ara masa doki ya zo sujada, dokin ya kayar da shi a ƙofar ɗakin hatsin, a cikin taɓo, yara suka yi ta dariya, Ladi ma ta rufe baki da hannu. Mai Keken Doki ne ya ɗaga shi da hannu ɗaya kamar ɗan akuya. Nan take dariyar Sista ta dawo mini a kunne. Ashe wannan ne mutumina. Ashe Baturiyar nan ta dube ni ta auna, ta tafi Amurka ta bar wa matata littafin da za ta riƙa gwada ni da namijin gaske, kuma ni da bakina zan karanta. Na yi tari, na juya shafi biyu a haɗe, na ci gaba daga inda aka fara waƙa.

Daga ranar na kori malamin daga garin. Duk inda na hango sunansa sai in tsallake. Amma wanda ya taɓa cire bulo daga tsakiyar gini ya san abin da ke biyo baya. Mutumin nan ba ya zama wuri ɗaya. Yau ya kawo wa Ladi takarda da tawada don ta rubuta wa ƙawarta, gobe ya tsaya ya saurari kukanta a bayan rijiya. Irin waɗannan na iya zubar da su. Amma da zazzaɓi ya kwantar da wan Ladi, mutanen gari suka guje wa gidan don tsoron kamuwa, malamin ne ya shiga ya zauna kwana uku a bakin gado, yana jiƙa tsumma yana sa masa a goshi, yana karanta masa zabura. Babin gaba ɗaya a kan wannan yake. Dole wani ya zauna a kujerar nan. Na duba garin kaf, ban ga wanda zan ɗora ba sai Mai Keken Doki. Na ɗora shi.

Rifkatu ta ajiye tiren, ta share ido da bakin zane.

"Ga ƙarfi, ga tausayi. Malam, Allah ya haɗa wa mutumin nan duka."

Ku duba wannan lissafi, ku da na biya wa kuɗin makaranta. Na ƙwace alherin mutumin da ya yi kama da ni, na miƙa wa abokin gabana, sannan na zauna ina cizon yatsa don matata ta yaba masa. Ni ne kuma nake tsayawa gaban allo Litinin da safe ina koya wa yara yadda ake gane inda labari ya dosa.

Da a tsakar gidanmu abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma kowace Alhamis mata suna taruwa a gidan Mama Saratu don zumunta, kuma bayan addu'a da waƙa Rifkatu takan ba su babin makon. Ba a jima ba mutumin ya zama ɗan gari. In na bi ta wurin tuyar ƙosai da safe, Mama Saratu takan ɗaga murya tun daga nesa.

"Malam, ina kwana? Ina labarin surukinmu? Ya furta ko har yanzu yana jan ƙafa?"

"Mama, sai Lahadi."

"To ka gaya masa in ji ni, yarinya ba ta jira har abada. Ungo biyu, ka ƙara jiki. Ko iska mai ƙarfi aka yi sai mun neme ka a Nijar."

Ɗaya daga cikin 'yan sandan, Kofur Bitrus, ya tare ni bayan sujada, fuska a murtuke kamar zai karanta mini tuhuma.

"Malam, don Allah ka rage wa mutumin nan kirki. Jiya a gida an tambaye ni yaushe rabona da faskare. Ni da nake tsaron ƙasa!"

Har addu'ata ba ta tsira ba. Ni a lokacin addu'ar safe nakan tsara ta kamar darasi: gabatarwa, kanu uku, kammalawa. Wata safiya da na ce amin, Rifkatu ta buɗe ido ta ce, ba da wata manufa ba, "Ka san abin da ke ba ni sha'awa da Mai Keken Doki? Yana magana da Ubangiji kamar yana zaune kusa da shi a keken." Na wuni ranar ina jan layi da jan biro a littattafan yara fiye da yadda laifinsu ya kai.

Sai na yanke shawarar in nuna ni ma namiji ne. Rifkatu ta je Roni duba mahaifiyarta, za ta dawo ranar kasuwa da buhun gyaɗa da na dawa. Na je wurin Malam Habu na ce ya ara mini amalanke in ɗauko ta daga tasha. Ya dube ni daga tabarau har takalmi.

"Malam Tica, ka taɓa korar jaki?"

"Na karanta yadda ake yi."

"To madalla. Sai dai shi jakin bai karanta ba. Bari in kai ka."

Na ƙi. Zuwa tasha lafiya lau, domin hanyar da jakin ya saba bi ce. Na ga fuskar Rifkatu da ta hango ni a tsaye a kan amalanke, na ɗauka sha'awa ce. Aka ɗora buhuna, ta hau ta zauna. A dawowa, daidai mararrabar kasuwar hatsi, ni ina son dama, jakin yana son hagu inda yake samun dusa. Na ɗaga sanda na yi tsawa irin wadda na fassara a babi na biyu. Ya zabura, ƙafar amalanke ta faɗa rami, na tashi sama na sauka a gaban wasu fatake 'yan Nijar da ke shan shayi. Tabarau ya rabe biyu. Wani dattijo a cikinsu ya ɗaga ni da hannu ɗaya, yana ta "sannu, sannu," yana danne dariya. Mahaifiyarku, 'yar ƙauye wadda ta girma da jakuna, ta karɓi sandar, ta yi wa dabbar wani ɗan sauti da harshe, ya bi ta kamar rago. Haka muka ratsa gari, ita a gaba tana kora, ni a kan buhun dawa ina riƙe da wuyan hannu.

A gida ta ɗaure mini hannun da bandeji, irin ɗaurin da ta koya wurin Sista. Ba ta yi dariya ba sai sau ɗaya, shi ma ta mai da shi tari. Tana cikin naɗi, kanta a sunkuye, ta ce:

"Malam, wai garin su Ladi babu makaranta ne?"

"Babu."

"Babu malami ko ɗaya?"

"Daji ne. Wa zai kai malami can?"

Ta ɗaga kai ta dube ni. Ba tabarau, don haka ban ga abin da ke fuskarta ba, kuma na yi shekara arba'in ina gode wa Allah a kan haka.

"To," in ji ta. Ta ƙulle bandejin.

Lahadin da ta biyo baya na zauna a ƙarƙashin darbejiya da tabarau ɗaure da zare. Babin ya buɗe da Mai Keken Doki ya zo gidan su Ladi sanye da rigarsa ta zuwa sujada, ya cire malafa, ya ce yana da magana da ita, ko za ta raka shi bakin kogi. Rifkatu ta ture tiren gyaɗa gefe tun kafin a fara. Na ga hannunta a kan ƙirji. Na dubi shafin, haruffa suna rawa. Na san abin da namiji ke faɗa wa mace a bakin kogi da rigar sujada a jikinsa, kuma na san ba zan iya faɗa wa matata shi da muryata ba, a madadin wani. Sai na bar idona a kan takarda, na daina karantawa, na ci gaba da magana. Na kawo wani keken doki daga gabas. Na sauko da wata mace daga ciki, a rame, da yara biyu masu kama da shi, na sa ta nuna shi da yatsa ta ce, "Ga mijina." Na sa ya haye doki ya gudu, na cika kogin da ruwan sama, na tura shi ciki. Na bar malafar tana yawo a kan ruwa, domin ko a cikin zunubi ina son aiki mai kyau. Ina juya shafi a kan kari kamar mai karatun gaske. Ban taɓa yin fassara mai santsi irin ta ranar ba. Na rufe littafin.

Kaji suka zo suna tsattsagar gyaɗar, Rifkatu ba ta kore su ba.

"Sauran takardun fa?" Ta nuna abin da ya rage, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na littafin.

"Wa'azin marubuciyar ne, da tallan wasu littattafai."

"Ladi fa?"

"Ta ci gaba da riƙe wa wanta gida."

"Ba ta yi aure ba?"

"Littafin bai faɗa ba."

Ta miƙo hannu biyu ta karɓa, ta naɗe shi cikin ɗankwalin a hankali, kamar yadda ake naɗe jariri.

"Na gode, Malam. Ka sha wahala."

A waje na ci nasara. Mama Saratu ta ce dama ita tun farko kirkin ya yi mata yawa, namijin da ba a ga aibinsa ba a binciki garinsu. Kofur Bitrus ya saya mini lemo. Da fasto ya zo a ƙarshen wata aka yi Jibin Ubangiji, inda masu bi ke karɓar gurasa mai tsarki, na zauna a benci ina shari'a da kaina. Dokar da ta hana shaidar ƙarya, a kan maƙwabci take magana, na ce, mutumin nan kuwa ba maƙwabcina ba ne, ba ma mutum ba ne, tawada ce. Hujjar ta yi kyau ƙwarai, da ɗalibi ne ya rubuto ta da na ba shi maki mai yawa. Na miƙa hannu na karɓi gurasar. Ban tambayi kaina wa aka yi wa ƙaryar ba, ga ta kuwa zaune a bencin mata, tana rera waƙa ba ta duba littafi.

Lahadi ta zagayo, ba a shimfiɗa tabarma ba. Na ce ko gajiya ce. Da na je Kano na sayo wani littafin labari, na kawo mata da fara'a.

"A'a, Malam, ka huta. Ka tausaya wa idonka."

Kada ku fahimce ni a karkace. Mahaifiyarku ba ta juya mini baya ba. Ta haifa mini ku biyar, ta bi ni Gwiwa, ta bi ni Roni, ta bi ni nan Kazaure, ta yi jinyata sau biyu, ta yi dariya da ni fiye da yadda na cancanta. Ba ta taɓa cewa na yi mata ƙarya ba, ko a cikin faɗa. Abu ɗaya kawai ta janye. Tun daga ranar nan har ta koma ga Ubangiji, ba ta sake miƙo mini takardar Turanci ta ce in karanta mata ba. Katin asibiti, matar malamin dabbobi take kai wa. Sakamakon jarrabawarku, sai ta sa mayafi ta tafi gidan maƙwabta, ni ina zaune a ɗaki da biro uku a aljihu. Da Hannatu ta kai aji huɗu, ita ta gaji aikin. Kun sha tambaya me ya sa, takan ce Babanku ya gaji da karatu a makaranta. Labarin kuma ta ba ku shi yadda na ba ta, da matar, da yaran, da malafar a kan ruwa, ba ta ƙara ba ba ta rage ba. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa ta yarda. Littafin yana akwatinta duk tsawon shekarun nan. Na san inda makulli yake. Ban taɓa buɗewa ba, ina tsoron in ga bikin da na hana.

Bara, bayan mun binne ta, ku mata kuka zauna rabon zannuwanta. Ina zaune a baranda da hantsi, ina kallon masu adaidaita sahu suna wucewa, Hannatu ta fito ta durƙusa ta ajiye mini ɗankwalin a cinya. Launinsa ya koɗe, ƙullin dai irin nata ne.

"Baba, Mama ta ce in ka nemi wannan a ba ka. In ba ka nema ba, a sa maka a hannu."

"Ta ce wani abu kuma?"

"Ta ce Sista ta gaya mata ƙarshen labarin tun ranar da ta ba ta shi a Roni. Ta ce ita so take ta ji shi da muryarka."

Na sa aka ɗauko mini gilashin ƙara girman rubutu. Na nemo babin bakin kogi, akwai ɓawon gyaɗa guda a maƙale a wurin. Na karanta daga nan har bango, kwana biyu, ban tsallake layi ba.

Saboda haka ina shaida muku a rubuce, ku kuma gaya wa 'ya'yanku: Mai Keken Doki ba shi da mata a ɓoye. Bai gudu ba, ruwa bai ci shi ba. Abin da ya kai Ladi bakin kogi ya faɗa mata shi ne zai ƙara gaba yamma da wani ayari, ya zo sallama, kuma kafin ya tafi yana so ta buɗe ido ta dubi mutumin da ya zauna kwana uku a bakin gadon wanta. Ya jinkirta tafiyarsa mako biyu don ya kai amarya wurin ɗaurin aure a kekensa. Mutumin kirki ne, na ɓata masa suna a garuruwa huɗu da zuriya uku. Ku daina kiran mayaudara da sunansa. Shi manemin Lami da aka kora, in wani ya san inda yake, a ba shi haƙuri.

A babi na ƙarshe, Ladi malamin makarantar ta aura.